Muhawara: Bel ɗin ROH da mutanen da suka ɗaura shi

Sani Mai Kaset:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Hirarmu kullum ba ta wuce WWE, yau ina so mu ɗan leƙa gefe. Ku duba sunayen nan: CM Punk, Samoa Joe, Bryan Danielson, Seth Rollins, Kevin Owens, Adam Cole. Akwai bel guda da dukansu suka ɗaura tun kafin duniya ta san su a WWE, shi ne bel ɗin duniya na kamfanin Ring of Honor, wato ROH. Ni dai a wurina, daga 2002 zuwa 2011 babu bel a Amurka da ya kai shi wuyar samu da wuyar riƙewa, har da na WWE ɗin. Mai ja ya fito.

Abba Kwaro:
Wa alaikumus salam Baba Sani. Ni ne na farko a layin ja. Wuyar samu kamar yaya? Abin da mutum ɗaya ke zama a ofis da biro ya rubuta wanda zai ci? Resilin fa shiri ne, akwai akta akwai bos. In mai kamfani ya ga dama gobe ni ma sai ya ɗaura min.

Sani Mai Kaset:
Abba, babu wanda ya ce maka ba shiri ba ne. Tambayar ita ce me ya sa mai biron yake zaɓen wane ya bar wane, kuma me zai same shi in ya zaɓa ba daidai ba.

Bari in faro maka daga tushe. A 2001 kamfanin ECW ya durƙushe, WWE kuma ta haɗiye WCW. Akwai wani kamfanin sayar da kaset, RF Video, na Rob Feinstein, wanda kaset ɗin ECW na cikin abin da ya fi kawo masa ciniki. Da hajar ta yanke, sai suka ce to mu shirya namu wasan, mu ɗauka, mu sayar. Haka aka haifi ROH. Wasan farko ranar 23 ga Fabrairu 2002 a Filadelfiya, a wani ɗakin motsa jiki na unguwa, 'yan kallo 'yan ɗaruruwa. Gabe Sapolsky, wanda ya koyi aiki a hannun Paul Heyman mai kamfanin ECW, shi ne mai tsara wasannin.

Ba su da talbijin, ba su da wani attajiri a bayansu. Kuɗinsu daga tikiti ne da kaset da faifan DVD. Ni da na yi sana'ar kaset na san abin da wannan ke nufi: hoton da ke jikin kwali shi ke sayar da kaya karo na farko, amma abin da ke ciki shi ke dawo da mai saye. In zakaranka bai iya wasa ba, faifan ya kwanta, wata mai zuwa babu kuɗin hayar zaure. To ka ga mai biron nan ba shi da 'yancin da kake zato.

Nura Lissafi:
Bari in taya Oga Sani da ranaku. An fara bel ɗin ranar 27 ga Yuli 2002. Mutum huɗu suka yi awa guda cur ana ƙirga maki: Low Ki, Christopher Daniels, Spanky da Doug Williams na Ingila. Low Ki ya ci. Bai kai wata biyu ba Xavier ya ƙwace ranar 21 ga Satumba, da taimakon ƙungiyar Daniels. Samoa Joe ya karɓe daga Xavier ranar 22 ga Maris 2003, bai sake shi ba sai 26 ga Disamba 2004. Kwana 645 ke nan.

Abba Kwaro:
Roman Reigns ya haura kwana dubu, Malam Nura. Ku kawo wani abin.

Nura Lissafi:
Ya haura, amma sau nawa yake sa bel ɗin a faifai a shekara? Je ka ƙirga ka dawo. Danielson ya riƙe na ROH kwana 462, ya kare shi sau 38. Nigel McGuinness kwana 545, shi ma sau 38. Raba ka gani, kusan duk sati biyu sai an buga.

Bilkisu Gwammaja:
Kafin ku wuce Xavier da sauri. Mutane suna ɗaukarsa kamar kuskure a tarihin bel ɗin, ni kuwa ina ganin wayo ne. Kamfanin yana da dokar mutunci: a gaisa da hannu kafin wasa da bayansa, babu shigar katsalandan, babu taɓa alƙalin wasa. Doka irin wannan ba ta da daɗin kallo sai an samu mai karya ta. Aka ba Xavier bel ta hanyar maguɗi, 'yan kallo suka yi wata shida suna cizon yatsa. Shi ya sa ranar da Joe ya shaƙe shi ya karɓa aka ji kamar an cire ƙaya.

Sani Mai Kaset:
Hajiya Bilkisu kin gama magana. Kuma Joe bai yi kama da zakaran da Amurkawa suka saba gani ba. Ga tumbi, ga gajeren wando, ga tawul a wuya. Amma in ya kai mari a ƙirji har wanda ke kujerar ƙarshe sai ya runtse ido. A zamaninsa ne aka ƙara wa bel ɗin kalmar "na duniya", bayan ya kare shi a Landan ranar 17 ga Mayu 2003 a karawarsa da Zebra Kid.

Ɗan Tudun Wada:
Hahaha, wato ka hau jirgi sau ɗaya ka buga wasa ɗaya a Landan, shi ke nan ka zama zakaran duniya? Baba Sani, wannan ai cika baki ne na ƙananan kamfanoni.

Sani Mai Kaset:
A ranar cika baki ne, ban musa ba. Amma daga baya sun cika shi da aiki. An kare bel ɗin a Turai, a Japan, a Kanada, a Meziko. Ɗan Japan ya riƙe shi, ɗan Ingila ya riƙe shi, 'yan Kanada da 'yan Meziko sun riƙe shi. Har a Tokyo Dome, babban filin wasa na Japan, ya sauya hannu.

Abin da nake so ku lura da shi shi ne 2004, don a shekarar ne kamfanin ya kusa mutuwa. Wata badaƙala ta taso a kan Feinstein a watan Maris, ya bar kamfanin, ragamar ta koma hannun Cary Silkin. Kamfanin TNA ya janye 'yan wasansa, aka rasa AJ Styles da Christopher Daniels a lokaci guda. Me ya rage musu? Joe da bel, sai wani siririn yaro mai zane a jiki daga Shikago, CM Punk.

Ranar 12 ga Yuni a Dayton suka yi minti 60 babu wanda ya kayar da wani. Ranar 16 ga Oktoba a gefen Shikago, garin su Punk, suka sake yin minti 60, aka sake tashi canjaras. Dave Meltzer, ɗan jaridar da ke auna wasanni da taurari, ya ba wannan na biyun tauraro biyar. Rabon da ya ba wani wasa a Amurka haka tun 1997. Labari ya bazu a intanet, faifan ya yi kasuwa. Na uku ranar 4 ga Disamba aka cire iyakar lokaci, Joe ya ci. Ka duba fa: wasa uku, sama da awa biyu da rabi, Punk bai samu bel ɗin ba. Kamfanin da ke neman kuɗi ido rufe zai iya ba shi a wasa na biyu a gaban 'yan garinsu don a yi sowa. Ba su yi ba.

Ibrahim Damagaram:
Gaisuwa ga manya. Ina karantawa daga Zinder. Ni abin da ke ɗaure min kai, mu nan takobin kokawa da ake bugawa duk shekara, in ka ga Issaka Issaka ya ɗaga shi, ka san ya kayar da mutane ne da ƙarfinsa a gaban jihohi takwas. Darajarsa daga nan take. Shi wannan bel ɗin da an riga an san mai ci, daga ina tasa darajar take fitowa? Ba gardama nake ba, so nake in gane.

Bilkisu Gwammaja:
Malam Ibrahim, takobi shaida ce cewa ka fi kowa ƙarfi a bana. Bel ɗin resilin shaida ce cewa kamfani ya ɗora cinikinsa a kanka, kuma 'yan kallo sun amince. Kashi na biyun shi ne mai wuya. 'Yan kallon ROH na wancan lokacin ba yara ba ne, mutane ne masu sayen kaset ɗin Japan da Meziko, sun san shiri ne sarai. Abin da suke biya su gani shi ne wa ya fi iya sana'ar. In aka ɗaura wa wanda bai kai ba, a take za su yi masa ihu a fuska.

Ibrahim Damagaram:
To na ɗan gane. Wato gasar tana nan, amma ba a cikin fage ake yin ta ba.

Abba Kwaro:
Ni har yanzu ban ga abin da ya fi na WWE ba. Ku ba ni labarin Punk dai, shi ne nawa.

Sani Mai Kaset:
Zauna ka sha labari. Austin Aries ne ya kawo ƙarshen mulkin Joe. A tsakiyar 2005 kowa ya ji cewa Punk ya karɓi tayin WWE, zai tafi. Aka sa shi wasan bel da Aries ranar 18 ga Yuni a New Jersey. Al'adar sana'ar ita ce mai tafiya yana faɗuwa ne a wasansa na ƙarshe, ya bar wa na baya daraja. Jama'a suka zo yi masa bankwana, suna kiran sunansa. Sai ga shi ya ci.

Zaure ya kaure da murna. Ya karɓi makirufo, ya ba su labarin tsohon da ya tsinci maciji sanyi ya kusa kashe shi, ya kai shi gida ya yi jinyarsa, macijin ya warke ya sare shi. Ya nuna musu cewa shi ne macijin, su ne tsohon, kuma da bel ɗinsu zai tafi WWE. Wasa na gaba ya fito da kwat, mutumin da ba a taɓa gani da kwat ba, ya shimfiɗa takardar kwantiraginsa na WWE a kan bel ɗin ya sa hannu.

Abba, ka gane abin da ya sa wannan ya yi zafi? Don tsoron gaske ne. Mutanen nan sun ga yadda aka kwashe 'yan ECW ɗaya bayan ɗaya. Sun san babban kamfani zai iya ɗauke duk wanda ya ga dama. Sapolsky ya ɗauki ciwon da ke damun kamfaninsa ya mayar da shi labari ya sayar. Kwana 55 Punk ya yi yana zillewa, har James Gibson, wanda kuka sani da Jamie Noble, ya ƙwato bel ɗin ranar 12 ga Agusta a Dayton. Kashegari Punk ya yi wasan bankwana na gaskiya da abokinsa Colt Cabana, ya fito yana kuka.

Abba Kwaro:
Kai! Ai wannan shi ne abin da ya yi wa John Cena a 2011, da ya ce zai gudu da bel ɗin WWE.

Sani Mai Kaset:
Yauwa. Yanzu ka san inda aka fara dafa shi.

Nura Lissafi:
Abin dariyar shi ne shi kansa Gibson da ya ceto bel ɗin daga mai tafiya WWE, WWE ɗin ya koma. Kwana 36 ya yi, Danielson ya karɓa ranar 17 ga Satumba 2005.

Bilkisu Gwammaja:
To a nan ne zan rabu da ku, Yaya Sani. Kuna ta yabon kwanaki da yawan karewa, ba ku faɗin abin da aka biya.

Danielson ya goce kafaɗa a watan Agusta 2006 a farkon wasansa da Cabana, ya ci gaba har aka cika awa guda. Maimakon ya huta, bayan sati uku ya shiga fage da KENTA na Japan, mutumin da sana'arsa shuri ce, kuma kafaɗar aka yi ta shura. Bai ajiye bel ba sai 23 ga Disamba da Homicide ya karɓa. A 2007 yana neman ƙwato shi daga Takeshi Morishima, duka ya taɓa masa ido har tantanin cikin idon ya ɓalle.

Nigel kuwa abin ya fi muni. Ku kalli wasansu na Liverpool, 12 ga Agusta 2006, wanda aka haɗe bel ɗin Pure, wani bel na ROH da ke hannun Nigel, da na duniya. Danielson ya riƙe hannayensa ya yi ta fizgo shi, goshinsa na dukan ƙarfen kusurwa, har jini ya wanke masa fuska. Wannan ba dabara ba ce, ƙarfe ne da ƙashi. Da ya zama zakara a Oktoba 2007, jijiyar damtsensa ta yage. A ƙarshen shekarar ya bugu a ka a wasansa da Aries, bai iya fitowa kashegari ba, sai waɗannan 'yan kallon da kuke cewa masana suka dinga yi masa ihu ya ajiye bel. A 2009 WWE ta so ɗaukarsa tare da Danielson, gwajin likita ya hana. Danielson ya tafi ya kai har babban wasan WrestleMania a 2014, Nigel ya yi ritaya a 2011. Shi ma Danielson ɗin a 2016 ya tsaya gaban jama'a ya ce ya daina saboda yawan buguwa a ka, sai 2018 likitoci suka bari ya dawo.

In wannan ne "wuyar riƙewa", ni ban ga abin alfahari ba.

Sani Mai Kaset:
Hajiya, ba zan kare dukan ƙarfen nan ba. Amma ki yi adalci: a shekarun nan duk sana'ar haka take, a WWE ma kujerar ƙarfe ake kwaɗa wa mutum a tsakiyar ka. Sai bayan 2007 aka fara ɗaukar buguwar ƙwaƙwalwa da muhimmanci.

Bilkisu Gwammaja:
A WWE wanda aka kwaɗa wa kujera yana da albashi ko yana kwance. A ƙaramin kamfani, ba ka buga ba, ba ka samu ba. Shi ya sa suke shiga da rauni. Tsarin sayar da faifan da ka yaba ɗazu, shi ne ya tura su, don kowane wasa dole ya fi na jiya.

Nura Lissafi:
Duka biyun gaskiya ne, ku bar shi haka. Ga wani abu da zai taimaki Oga Sani. Daga Yuli 2002 zuwa Yuni 2009 mutum 11 suka riƙe bel ɗin: Low Ki, Xavier, Joe, Aries, Punk, Gibson, Danielson, Homicide, Morishima, McGuinness, Jerry Lynn. Babu wanda ya maimaita. In ka sake shi, ya tafi. Aries ne ya fara riƙewa karo na biyu, 13 ga Yuni 2009. Kuma ba a taɓa barinsa babu mai shi ba sai 2013, da aka karɓe daga Jay Briscoe a kan rauni.

Ku kuma duba waɗanda suka yi shekaru a ROH ba su samu ba: AJ Styles, Colt Cabana, Chris Hero, El Generico mai rufe fuska da ake cewa shi ne Sami Zayn.

Abba Kwaro:
"Ake cewa" 😂 Malam Nura har da kai?

Nura Lissafi:
Ni dai ban taɓa ganin fuskar Generico ba.

Ɗan Tudun Wada:
Ni tambayata ga Baba Sani: me ya sa ka yanke a 2011? Bayan nan fa aka yi Kevin Steen, wato Kevin Owens, wanda ya karɓa daga Davey Richards a Toronto a 2012. Aka yi Jay Briscoe sau biyu, Adam Cole sau uku, Jay Lethal da ya yi kwana 427 a mulkinsa na farko. Christopher Daniels da aka fara neman bel ɗin da shi a 2002 bai samu ba sai Maris 2017, yana da shekara 46. Duk wannan ba tarihi ba ne?

Sani Mai Kaset:
Tarihi ne, kuma na Daniels ya taɓa ni. Amma a watan Mayu 2011 Silkin ya sayar da ROH ga Sinclair, kamfanin da ya mallaki gidajen talbijin masu yawa a faɗin Amurka. Daga ranar ba za ka ce da shi kamfani mai cin gashin kansa ba. Sapolsky ma tun Oktoba 2008 aka sallame shi. Da can zakara yana ciyar da kamfani ne. Bayan Sinclair, kamfani shiri ne da ake cike gurbin awa guda da shi a tashoshinsu, ko zakara ya ja jama'a ko bai ja ba, za a haska.

Ɗan Tudun Wada:
Amma a ƙarƙashin Sinclair ɗin ne suka cika Madison Square Garden, babban zauren birnin New York. Ranar 6 ga Afrilu 2019, su da kamfanin New Japan na Japan. Zauren da aka yi shekaru masu yawa babu mai shirya resilin a cikinsa sai gidan McMahon masu WWE. Zamanin Sapolsky ko a mafarki ba su kai nan ba.

Sani Mai Kaset:
Wa ya sayar da tikitin? An saye su ne tun 2018, lokacin Cody da Young Bucks suna nan, ana zaton za a ga Kenny Omega. Kafin ranar ta zo duk sun fice sun kafa sabon kamfani, AEW. A daren kuma wa aka ba bel? Matt Taven, a wasan tsani da Lethal da Marty Scurll. Ba na raina Taven, ma'aikaci ne, amma ka tambayi duk wanda ya bi kamfanin a shekarar yadda zauruka suka koma bayan nan.

Ɗan Tudun Wada:
Ficewar su Cody ce ta zubar da jama'a, ba Taven ba. Ko wa ka ba bel a ranar haka za ta faru.

Bilkisu Gwammaja:
A nan ina bayan Ɗan Tudun Wada. Kuma Yaya Sani, akwai abin da Sinclair suka yi da ya kamata a faɗa. Lokacin korona a 2020 sun dakatar da wasanni wata da watanni, suka ci gaba da biyan 'yan wasan da ke da kwantiragi. Zamanin faifan DVD wa zai iya wannan?

Sani Mai Kaset:
Sun biya. A Oktoba 2021 kuma suka sanar za su rufe na wani lokaci, suka saki kowa da kowa.

Shugaban Zaure:
Jama'a a ci gaba, muhawara ta yi daɗi. Wanda ya turo tallan data a tsakiya na goge, kada a sake.

Nura Lissafi:
Ƙarshen zamanin Sinclair ma da ruɗani ya zo. Bandido ne zakara, ya karɓa daga Rush a Yuli 2021. Ana gab da wasan ƙarshe na 11 ga Disamba gwaji ya nuna yana da korona. Sai aka ɗauko tsohon bel na asali, irin wanda su Joe suka ɗaura, Jonathan Gresham ya doke Jay Lethal ya ɗauka. Aka wayi gari zakara biyu, kamfani kuma babu. Gresham ya yi ta yawo da nasa yana karewa a wasu kamfanoni. Ranar 2 ga Maris 2022 Tony Khan mai AEW ya sanar ya sayi ROH, ranar 1 ga Afrilu Gresham ya doke Bandido aka haɗe su.

Sani Mai Kaset:
Watannin nan na Gresham su ne kaɗai lokacin da bel ɗin ya koma abin da yake tun asali. Bayan nan sai aka ba Chris Jericho.

Ɗan Tudun Wada:
Na san nan za ka zo. Baba Sani, labarin Jericho fa labarin Xavier ne da Hajiya Bilkisu ta yaba ɗazu. Ya ci Claudio Castagnoli da dukan ƙasan mara a Satumba 2022, ya ƙi mutunta dokar gaisawa, ya ce zai wulaƙanta duk tsofaffin zakarun ROH, har mai sanar da sunaye ya doka. An yi haka ne don ranka ya ɓaci, kuma ga shi ya ɓaci. Claudio ya ƙwato a Disamba.

Sani Mai Kaset:
Bambancin shi ne lokacin Xavier bel ɗin shi ne abu mafi girma a gidan. Lokacin Jericho ɗaya ne cikin bel barkatai da ake nunawa a shirin AEW, a tsakiyar shiri, kafin a zo babban wasa. Bel ɗin da Joe ya rufe kowane dare da shi.

Abba Kwaro:
To ai gara haka da a ce ya mutu kamar na WCW.

Bilkisu Gwammaja:
Kuma ba don Khan ya saya ba, da ba a ga daren Mark Briscoe ba. Yayansa Jay ya mutu a hatsarin mota a Delaware ranar 17 ga Janairu 2023. Su biyun suna ROH tun wasan farko na 2002, Mark ma a lokacin shekarunsa ba su kai dokar jihar da aka yi wasan ta bar shi ya yi wasa ba, sai dai ya raka yayansa. Ranar 5 ga Afrilu 2024 Mark ya doke Eddie Kingston ya ɗauki bel ɗin a Filadelfiya. Jay ya fara cin nasa ranar 5 ga Afrilu 2013. Yaya Sani, kada ka ce min wannan bai shiga lissafinka ba don kawai mai kamfanin attajiri ne.

Sani Mai Kaset:
Ya shiga. Amma ki lura, nauyin daren daga ina ya zo? Daga shekarun da nake magana a kansu. Ana cin tsohon ajiya ne. Nuna min wanda bel ɗin ya gina daga 2022 zuwa yau kamar yadda ya gina Tyler Black kafin ya zama Seth Rollins.

Ɗan Tudun Wada:
Bandido. Ya karɓa daga Jericho a Afrilu 2025, je ka kalli wasansa da Konosuke Takeshita ka dawo mu yi magana.

Sani Mai Kaset:
Bandido ya riga ya riƙe shi tun 2021, kuma kamfanin PWG ne ya fito da shi a Amurka. In ma bel na masu cin gashin kansu na gaskiya kuke nema bayan 2011, can za ku duba, kamfanin da 'yan wasa shida suka kafa a Kalifoniya a 2003. Wannan kuma hirar wata rana ce.

Ibrahim Damagaram:
Kun sa ni kwaɗayi. Data ta yi tsada, wasa ɗaya zan iya saukewa a satin nan. Wanne zan fara da shi?

Sani Mai Kaset:
Joe da Punk na biyu, Oktoba 2004.

Nura Lissafi:
Awa guda ne fa, kuma hoton na wancan zamanin ne, ga duhu. Wanda bai saba ba zai yi barci. Malam Ibrahim, nemi Danielson da Morishima na Agusta 2007, minti 20 ne da 'yan kai.

Bilkisu Gwammaja:
Wato wanda aka fasa wa mutum ido a ciki shi za ku fara ba baƙo.

Abba Kwaro:
Ni dai a turo min na sa hannun Punk a kan bel. Wanda yake da shi ya jefo min ta akwatin sirri, kada Shugaba ya ce talla ne.